Waƙar Niƙan da Aka Kai Kasuwa

Jikata ce ta fama mini wannan tsohon miki. Ta zo daga birni da wayarta a hannu, ta zauna a bakin tabarmata, wai matan zumuntar cocinsu suna tattara shaidar tsofaffi, in faɗi yadda muka yi wa mutane bishara a zamaninmu, ita kuma ta ɗauka ta watsa duniya ta ji. Na ce ta mayar da abin nan cikin jaka kafin in tsoma shi a randa. Ta yi ta dariya, ta ɗauka wasan kaka da jika ne. Ba wasa nake ba. Ni da duk abin da ke ɗaukar maganar mutum ya kai ta inda bai aike ta ba, mun raba gari tun ina da haƙorana duka.

Mu asalinmu Maguzawa ne, a wata 'yar unguwa tsakanin Toranke da Ajingi, gidajen da ba su taka kara sun karya ba. Surukina ne ya fara watsar da tsafin gidan ya bi Yesu, ya kafa rumfar kara a gindin wata tsamiya, nan muke sujada ran Lahadi. Kewaye da mu kuwa duk Musulmi ne, gona na jingine da gona, rijiya ɗaya muke ja. A lokacin abin da ke tashe ka da safe kiran salla ne daga garin maƙwabta, da muryar mutum tsurarta, sai zakara, sai taɓarya ta karɓa. Kana kwance kana iya faɗin gidan da aka fara daka, don kowace mace da irin saukar hannunta. In rana ta ɗan ɗaga sai dutsen niƙa ya shiga, gurr gurr, mata na waƙa a kansa. A kan dutsen nan mace ke faɗin abin da ba ta iya faɗa da baki: ta yabi ɗan'uwanta, ta yi wa miji habaici, ta yi kukan uwarta da ta rasu, kuma ba mai ce mata don me. Yanzu fa? A ba yaro roba ya kai inji, ya dawo da gari mai warin baƙin mai, mata na zaune kowace ta sunkuya a kan waya. Dutsen niƙan gidanmu ma, kwanaki na gan shi an tokare ƙofar akurkin kaji da shi. Na wuce abina.

Shekarun gyaɗa ke nan, kafin farin nan da ya zo ya karya kowa. Matan Musulmi suna kulle, su ke soya gyaɗa, su niƙa, su matse mai, su yi ƙuli-ƙuli, amma ba su fita. Mu kuwa ba mu da kulle, muna noma, muna cin kasuwa. Saboda haka mu ne ƙafafunsu. In ranar kasuwar Ajingi ta kewayo, sai in bi gida gida in kwashi kwalaben mai a babbar ƙwarya, in dawo musu da gishiri da kanwa da zare, da labarin wanda ya haihu da wanda ya mutu. Gidan da namiji baƙo ba ya wuce zaure, ni har ƙuryar ɗaki nake shiga. Uwar mijina, Allah ya ba ta hutawa, ita ta koya mini yadda ake yi. Takan ce, “Ke yarinya, bishara gishiri ce. A ji ta a miya, kada a gan ta a kan tuwo.” Ba mu taɓa shiga gidan kowa da wa'azi ba. In mace na naƙuda mu riƙe ta, in ta yi rashi mu zauna da ita, in ta tambaya me ya sa ba ma ɗaura wa yaranmu laya mu gaya mata. In ba ta tambaya ba mu ci gaba da ɓarar gyaɗa.

A cikin gidajen nan na sami ƙawata. Daga Balan aka auro ta, doguwa ce, baƙa, mai wushirya, ga baki kamar reza, in ta yi maka ba'a sai ka yi dariya kafin ka gane an yanke ka. Mun ƙulla ƙawance yadda ake yi a da, da goro da turare da shaidu, ba irin na yanzu da ake yi da safe a watse da yamma ba. Ba na kiran sunanta, ba ta kiran nawa, “Ƙawa” kawai. Mijinta manomi ne mai ɗan karatu, kowa Malam yake ce masa, mutum mai sanyin hali. In na yi sallama a zaure yakan ce, “Shiga mana, ai gidanku ne, tun ɗazu take cika mini kunne wai kin makara.” In ta yi dambu sai ta aiko mini, in na yi fate in kai mata. Ran Sallah nama har gidana, ran Kirsimeti in sa maƙwabcinmu Musulmi ya yanka mana akuya don ita ma ta ci ba tare da shakka ba.

Muna niƙa tare, ita a kan dutse ni ina tankaɗe, in ta gaji mu canja. Ni dama ban iya karatu ba, abin da na ji ran Lahadi shi nake zubawa a waƙar niƙa don kada in manta. Wata rana ina waƙar yadda Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, sai ta tsayar da rariya ta ce, “Ƙawa, wannan Yesun naku shi ne Annabi Isa ɗan Maryama?” Na ce shi ne. Ta ce, “To ai namu ne, aro kuka yi. Amma da hannunsa ya taɓa kuturun? Bai sa kara ba?” Na ce da hannunsa. Can ta ce, “Kai, wannan bawan Allah ba shi da ƙyama.” Tun daga ranar, in na shigo takan ce, “To, Bamagujiya, jiya me malaminku ya ce mutumin nan ya kuma yi?” In faɗa mata, ta yi musu a inda za ta yi musu, ta yi dariya a inda za ta yi dariya. Ta ce ita maganar ɗan Allah ba ta shiga kanta, kada ma in fara. Ban fara ba. Zan faɗi gaskiya don Allah na gani: ƙawata ba ta taɓa barin sallarta ba, ko sau ɗaya. In lokaci ya yi takan bar ni da dutse ta je ta yi alwala. Abin da ke tsakaninta da Yesu, ita da shi suka sani, ni dai na ga tana son labarinsa kamar yadda ake son labarin ɗan'uwan da ke nesa.

Tana da 'yar fari mace. Yaran yanzu ba za su gane ba, su da ke ƙwala wa ɗan fari kira da sunansa tsirara a gaban surukai, har da sumbata. A da mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, kunya ce, ko za a yanka ta. Sai ta laƙaba masa wani suna nata ita kaɗai, da shi za ta riƙa kiransa har ta mutu. Ƙawata naƙuda ta kama ta ne da kaka, tana ɗibar dawa, ba ta kai ɗaki ba ta haihu a gindin rumbu. Labarin ya zaga ko'ina, har mata na tsokanarta da shi a wurin biki. Don haka take kiran yarinyar Ta-Rumbu. Duk ƙasar nan, daga Toranke har Balan, in ka ce Ta-Rumbu an san 'yar wace ce, an san uwarta matar wane ce.

Shekarar da ƙyanda ta shigo ta yi ta kwasar yara, ta kama Ta-Rumbu. Ta fito mata har cikin baki, idanu suka rufe, jiki kamar garwashi. An yi rubutu, an yi jiƙe-jiƙe, Malam ya yi iyakar yinsa. Na shiga da hantsi na tarar da ƙawata a kan dutse, don ko ɗanka na mutuwa sai gida ya ci tuwo. Tana niƙa hawaye na zuba a cikin garin, tana waƙa ƙasa-ƙasa, waƙar da ban taɓa koya mata ba:

Isa ɗan Maryama, mai taɓa kuturu da hannu,
Gidanmu ba a shiga, amma kai ka shigo,
Ka taɓa mini Ta-Rumbu, jikinta ya yi wuta.

Na tsaya da ƙwarya a kai, na kasa saukewa. Da ta gan ni ta share fuska da gefen zane ta ce, “Ƙawa, ni ban iya roƙonku ba, wannan shi ne nawa. Ki kai wa malaminku, ya haɗa da nasa ya roƙa mata. Amma daga kunnensa sai Allah. Kin ji ko?” Na ce na ji.

Mai bisharar da aka turo mana a lokacin saurayi ne, Bahaushe ne amma a makarantar mishan ya tashi tun yana ƙarami, ga takalmi sau ciki, ga agogo, ga zafin aiki. A gidanmu yake cin tuwo. Kullum kukansa ɗaya ne, wai ya shekara a nan ba wanda ya tuba, in ya je taro a birni ba shi da abin faɗa. Na same shi a gindin tsamiya na isar da saƙo kamar yadda aka ba ni, har da sharaɗin. Wa zan kai wa in ba shi ba? Shi ne makiyayinmu. Da ya ji waƙar idanunsa suka kawo ruwa, ya sa na maimaita masa har ya riƙe. Na ce, “Malam, amana ce fa. Matar aure ce a cikin kulle.” Ya dafa ƙirji ya ce, “Mama, kunnena kabarinta ne.” Muka durƙusa muka yi addu'a. Yarinya kuwa ta tashi. Ko rubutun ubanta ne, ko kukan uwarta, ko roƙonmu, Mai warkarwa dai ɗaya ne. Ƙawata ta dafa mini kaza guda ta aiko, na ci har da tanɗe hannu.

Bayan kaka sai ga wata motar 'yan bishara daga Kano, da lasifika ɗaure a kanta, abin da yawancinmu ba mu taɓa gani ba. Suka tsaya a bakin kasuwar Ajingi ranar da kasuwa ta cika maƙil. Ina zaune a layin masu mai, kwalaben ƙawata ne ma a gabana, ina auna wa wata tsohuwa. Sai na ji muryar mai bishararmu ta fito daga sama, ta yi kauri kamar ba tasa ba. Ya ce, “Jama'a, ku ji abin al'ajabi! A nan ƙasar, a cikin kulle, akwai wata baiwar Allah da ta karɓi Yesu a ɓoye. Ba zan faɗi sunanta ba. Amma ku ji waƙar da ta yi!” Wayyo Allah. Ludayi ya suɓuce mini, mai ya malale a zanena. Na miƙe ina ture mutane ina ihu, “Malam, a'a! Malam, bari!” Ina muryata, ina lasifika. Ya rera ta tsaf, bai bar ko kalma ɗaya ba, har Ta-Rumbu, ya kuma maimaita don na bayan kasuwa su ji.

Nan take aka fara waige-waige a kasuwa. Duk ido ya koma layin hatsi, inda Malam mijin ƙawata ke tsaye da jakinsa ya kawo dawa. Wani ɗan iska daga rumfar mahauta ya ɗaga murya ya ce, “Gidanmu ba a shiga, amma kai ka shigo!” Aka fashe da dariya. Kukan uwa a kan 'yarta, a bakin maza ya koma waƙar mace mai kiran kwarto. Na ga Malam ya ɗaure bakin buhunsa da bai sayar ba, ya ɗora wa jaki, ya bi ta tsakiyar mutane kansa a ƙasa. Har yau in na rufe ido ina ganin ƙeyarsa.

Washegari da sassafe na tafi gidan. Yana zaure yana tufka igiya. Na yi sallama, ya amsa, na ɗaga ƙafa zan wuce sai ya ce, “Tsaya nan.” Bai ɗaga murya ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce, “Ubana da surukinki sun tsufa suna noma kan iyaka ɗaya, ba wanda ya taɓa jin kansu. Don haka na sakar miki gidana. Kina tsammani ban san kina yi mata labarin Annabi Isa ba? Ina jin ku ta danga. Ban hana ba, don mu ma Annabinmu ne. Amma ki ɗauki muryar iyalina ki kai kasuwa?” Na ce, “Malam, na rantse da Wanda ya yi ni, ba ni ba ce.” Ya ce, “To wa ya fitar da ita daga gidan nan?” Na buɗe baki in ce ita ta aike ni, sai na tuna in na faɗa na ƙara mata wuta. Na haɗiye. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ya ce in ajiye kwalaben a nan, yaro zai shigar. Na ajiye.

Daga nan ban tsaya ko'ina ba sai gindin tsamiya. Na tarar da mai bisharar yana wanke takalminsa, fuska fes, har yana ce mini jiya Ubangiji ya yi aiki. Na ce, “Ubangiji ko kai? Ina kabarin da ka ce kunnenka ne?” Ya ce, “Haba Mama, ai ban faɗi sunanta ba.” Na ce, “Kai wace irin uwa ta goye ka? Ba ka san sunan da mace ke kiran ɗan farinta ya fi sunanta na yanka bayyana ta ba? Kuma yaushe ta ce maka ta karɓi wani abu? Roƙo ta aiko, ba ta aiko a yi mata shela ba!” Sai ya ce abin da Allah ya yi ba a ɓoye shi, in ma an kore ta ai ga ikilisiya, za mu karɓe ta. Na ce, “Ka karɓe ta ka sa ta ina? A rumfar kara? Da 'ya'yanta ko ba su?” Ban san sanda na ɗauki takalmin na wurga shi cikin gonar rogo ba. Dattawan coci suka taru a kaina, har da mai gidana, wai ba a ja da bawan Allah, wai kuskure ne, in ba shi haƙuri. Ni in ba shi haƙuri! Ban bayar ba, kuma har gobe ba zan bayar ba. Uwar mijina ce kaɗai ta tsaya mini. Ta dube shi ta ce, “Yaro, ka yanke dawa tun tana ɗanya, don a ga kai ma ka yi girbi.” Ba a jima ba aka ɗauke shi aka kai shi gaba, aka ƙara masa girma. Na ji an ce ya yi shekaru yana ba da wannan labari a manyan taro, ana tafa masa.

Ƙawata kuwa 'yan'uwan mijinta suka tsaya kai da fata sai an sake ta. Aka mayar da ita Balan, ta yi damina guda a gidan ubanta, ba yaranta. Malam ne ya ƙi furta saki, da manya suka sa baki ya dawo da ita, amma da sharaɗin ni da ita har abada. Sauran gidajen ma ɗaya bayan ɗaya aka daina ba ni mai. Ba wanda ya zage ni, ana gaishe ni a rijiya, amma in na doshi zaure sai a ce matan gida suna barci. Abin da uwar mijina ta yi shekaru tana ginawa da ɓarar gyaɗa da zaman makoki, mutum ɗaya ya rushe shi kafin la'asar. Ban bar Yesu ba, shi bai ci amanata ba. Amma tun daga ranar ban sake yin waƙa a kan dutse ba. Yau ga lasifika a kan kowane coci da kowane masallaci, kowa na yi wa kowa ihu ta kan katangar siminti, kuma ban san mace ɗaya a cikin jikokina da ta taɓa zama a ɗakin maƙwabciyarta Musulma har ta ga inda take ajiye gishiri ba.

Ban sake ganin fuskar ƙawata ba har ta koma ga Mahaliccinta. Muryarta kawai nake samu. Hanyar gonarmu ta bi ta bayan dangarsu, nakan rage tafiya in na zo wurin, in yi kamar ina gyara gammo. Samarin gari sun riga sun mayar da sunan yarinyar abin tsokana, in ta fito ɗibar ruwa su bi ta da waƙar, har ta daina fita. Wata rana da rani ina wucewa da itace a kai, sai na ji ƙawata daga ciki tana neman 'yarta. Na tsaya cak, ina jira in ji sunan nan a bakinta ko sau ɗaya. Sunan yanka kunya ta hana ta, nata kuma da ta raɗa mata an ƙwace a kasuwa. Na ji ta fara, “Ta...” sai ta yanke. Can ta ce, “Ke. Ke yarinya, zo ki ɗauke mini garin nan.”

Yarinyar ta girma, ta yi aure, ta haifi nata. Ita da bakinta ta gaya mini a wurin wani makoki, bayan mun tsufa mu duka, cewa har uwarta ta mutu “ke” take ce mata.